Tsohuwar Libarbar 'Yan Sanda: Yadda Ake Gane Shekarunta da Yanke Mata Daraja

Gabatarwa

Libarba, kalmar da Hausa ta aro daga Ingilishi tun zamanin mulkin mallaka, ita ce ƙaramar bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa. Wannan gida, wanda za mu riƙa kira majuyi a wannan nazari, yakan ɗauki harsashi biyar ko shida, kuma duk lokacin da aka ja kunama sai ya juya ya kawo sabon harsashi saitin bututu. Kimanin shekara ɗari, daga shekarun 1880 zuwa na 1980, ita ce makamin da aka san ɗan sanda da shi a Amurka da yawancin ƙasashen da Ingila ta mulka. A yau an maye gurbinta da bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi, ita kuwa ta koma gidajen tarihi da zaurukan gwanjo da akwatunan masu tara kayan da.

Duk wanda irin wannan bindiga ta faɗo hannunsa, tambaya biyu yakan yi: yaushe aka ƙera ta, kuma nawa ne darajarta? Amsar duka biyun tana komawa ga abu ɗaya, wato shaida. Jikin tsohuwar libarba tamkar takarda ce da mutane da yawa suka yi rubutu a kanta a lokuta dabam-dabam. Maƙera sun sa suna da lamba, masu gwaji sun buga hatimi, rundunar da ta saya ta sa tambarinta, dillalin da ya sake sayarwa shi ma wani lokaci ya ƙara nasa. Aikin mai nazari shi ne ya bambance hannun kowa, sannan ya duba ko bakinsu ya zo ɗaya.

Yadda libarba ta shiga hannun 'yan sanda

Samuel Colt ya sami takardar mallakar ƙirar libarbarsa a Amurka a 1836, amma an daɗe kafin rundunonin 'yan sanda su mai da ita kayan aiki na doka. 'Yan sandan Landan, waɗanda Robert Peel ya kafa a 1829, da kulki aka san su. A tsibirin Ailan kuwa, inda Ingila ke mulki da ƙarfin tuwo, rundunar Royal Irish Constabulary ta karɓi wata gajeruwar libarba ta kamfanin Webley na Birmingham a 1868. Wannan ƙira ta yi suna har aka riƙa kiranta da haruffan rundunar, RIC, aka kuma yi ta sayar da ita ga 'yan sandan wasu ƙasashen mallaka da fararen hula. A Landan ma, bayan ɓarayi masu makamai sun kashe wasu 'yan sanda, an yarda a 1884 masu sintirin dare a unguwannin bayan gari su riƙe libarbar Webley idan sun nema.

A birnin New York na Amurka, kowane ɗan sanda yakan sayi abin da ya ga dama, har zuwa 1896, lokacin da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yake shugabantar hukumar 'yan sandan birnin New York. A lokacinsa aka sayo libarba 4,500 ƙirar Colt New Police, domin kowa ya riƙe iri ɗaya, a kuma koya masa harbi da ita. Daga nan gasa ta kankama tsakanin manyan kamfanoni biyu. Smith & Wesson na garin Springfield ya fito da Military & Police a 1899, wadda aka ƙera fiye da miliyan shida nata a tsawon ƙarni guda. Colt na garin Hartford ya biyo da Police Positive a 1907, sannan Detective Special da Official Police a 1927. A Faransa, masana'antar gwamnati da ke Saint-Étienne ta ƙera libarbar ƙirar 1892 kimanin 350,000 kafin a daina a 1924, kuma jandarmomi da 'yan sanda sun ci gaba da rataya ta shekaru masu yawa bayan haka.

Waɗannan makamai ba baƙi ba ne ga tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Webley ce libarbar doka ta sojan Ingila tun 1887, kafin cin Kano da Sakkwato a 1903, kamar yadda ƙirar 1892 ta kasance ta hafsoshin Faransa lokacin da suka shiga Damagaram a 1899 da lokacin yaƙin Kusseri a 1900. A rundunonin da Turawa suka kafa da Hausawa a Ikko da Gwalkwas, wato Gana ta yau, doguwar bindiga ce rabon ƙananan dakaru, libarba kuwa alamar hafsa ce.

Zamanin libarba ya soma gushewa a shekarun 1980, lokacin da rundunonin Amurka suka yi ta komawa ga sababbin bindigogi suna ba da tsofaffin musaya. 'Yan sandan New York ba su raba sauran dattawan jami'ansu da ita gaba ɗaya ba sai a 2018. Wannan musaya ce ta cika kasuwa da dubban tsofaffin libarba, kuma ita ce ta sa sanin bambancinsu ya zama ilimi mai zaman kansa.

Shaida ta farko: suna da lamba

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ɗauki kowace shekara da ya gani a jikin bindiga a matsayin shekarar ƙira. A saman bututun libarbar Faransa an rubuta 1892, amma wannan sunan ƙirar ne kawai. Shekarar da aka ƙera bututun tana gefen dama, bayan harafin S mai nufin Saint-Étienne, kuma tana iya zama 1896 ko 1915 ko 1921. Haka nan a kan bututun Military & Police akwai jerin ranakun da aka yi rajistar mallakar fasaha, ta ƙarshensu 29 ga Disamba 1914, kuma an ci gaba da buga wannan rana har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da irin wannan rana ke faɗa kaɗai shi ne ba a ƙera bindigar kafin ta ba.

Sunan kamfani yakan taimaka, domin kamfanoni na sauya suna. Har zuwa 1897 sunan maƙeran Birmingham P. Webley & Son ne. A shekarar suka haɗe da W. & C. Scott & Sons, sunan ya zama Webley & Scott Revolver and Arms Company, sannan a 1906 aka taƙaita shi zuwa Webley & Scott Ltd. Sai dai a nan akwai tarko. Tambarin harsashi mai fukafukai da haruffan W&S ya girmi haɗewar, domin da farko Webley da ɗansa yake nufi. Wanda ya ga haruffan ya yanke cewa bayan 1897 aka yi bindigar yana iya rage mata shekaru da yawa ba tare da ya sani ba.

Lambar jeri ita ce shaida mafi ƙarfi, idan an san inda take. A libarbar Smith & Wesson, lambar gaskiya tana ƙarƙashin gindin mariƙi. Lambar da ake gani idan aka buɗe majuyi, a tsofaffin ƙira, ta ma'aikata ce, wadda suke sawa don kada sassan bindiga ɗaya su cuɗe da na wata yayin haɗawa, kuma ba ta da alaƙa da shekara. Lambobin Military & Police sun kai miliyan ɗaya a 1942, sai aka sake farawa da harafin V a gaba, wanda ya sa ake kiran na lokacin yaƙi da suna Victory, wato nasara. Bayan yaƙi aka yi amfani da S har zuwa 1948, sannan C daga 1948 zuwa 1967, sai D daga 1968 zuwa 1977. Da harafin kaɗai mutum ya riga ya ƙuntata zamanin.

Duk da haka, lamba ba ta ba da rana tsayayya. Kamfanin ba ya fitar da kaya bisa jerin lamba. Bindiga tana iya kwana shekara biyu a ɗakin ajiya, ƙanwarta mai lamba ta gaba kuwa ta fita a makon da aka gama ta. Saboda haka ne masu tarawa ke neman wasiƙar masana'anta. Colt da Smith & Wesson duka sun adana kundayen fitar da kaya, kuma idan an biya kuɗi akan binciko a rubuto wa mutum ranar da bindigarsa ta bar masana'anta, da tsawon bututunta, da irin rininta, da wanda aka aika wa. Roy Jinks, masanin tarihin Smith & Wesson, ya shafe shekaru masu yawa yana sa hannu a irin waɗannan wasiƙu. Idan wasiƙa ta ce an aika bindigar ga rundunar 'yan sandan gari kaza, magana ta ƙare.

Shaida ta biyu: sauye-sauyen ƙira

Masana'anta ba ta zama wuri ɗaya. Kowane 'yan shekaru takan rage wani sashe don sauƙin aiki, ko ta ƙara wani don kariya, kuma kowane sauyi ya zama alamar zamani. Masu tara Smith & Wesson har da ƙirgar sukuru suke gane shekaru. Tsohuwar ƙira tana da sukuru biyar, huɗu a murfin gefe, ɗaya a gaban zoben da ke kare kunama. Wajen 1955 aka cire na saman murfin, suka zama huɗu, sannan wajen 1961 aka cire na gaban zoben, suka zama uku. A 1957 kamfanin ya soma ba ƙirarsa lambobi, Military & Police ta zama Model 10, ana buga wannan a inda majuyi ke buɗewa. Lambar da ke biye bayan ɗan layi, kamar 10-5 ko 10-7, tana nuna gyara na nawa ne. Wajen 1982 kuma aka daina sa 'yar ƙusar da ke tokare bututu a jikin gangar bindiga.

Wani sauyin yana da labari mai ban tausayi a bayansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata libarbar Victory ta faɗi a kan daɓen jirgin ruwan yaƙin Amurka, ta tashi, ta kashe wani sojan ruwa. Wannan ya sa aka sake ƙirar makarin da ke hana 'yar gudumar bindiga dukan harsashi sai an ja kunama. Daga ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945 aka soma sa sabon makarin, aka kuma ƙara harafin S a lambar jeri don a san waɗanda ke da shi. Colt ya riga ya magance wannan matsala tun farkon ƙarni, kuma daga sunan makarinsa ne Police Positive ta samo sunanta.

Amfanin waɗannan alamu shi ne suna tantance lambar jeri. Idan lamba ta ce 1950, jiki kuwa yana da sukuru uku, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Ko dai an karanta lambar ba daidai ba, ko an haɗa sassan bindigogi biyu, ko kuma an taɓa lambar, wanda babban laifi ne a dokar ƙasashe da yawa.

Shaida ta uku: hatimin gwaji

A Turai, doka ta daɗe da wajabta a gwada kowace bindiga da harsashi mai ƙarfi fiye da ƙima kafin a sayar da ita. Wadda ta jure sai a buga mata hatimi. A Ingila gidajen gwaji biyu ne: na Landan, wanda ƙungiyar maƙeran bindiga mai takardar izinin sarki ta 1637 ke gudanarwa, da na Birmingham, wanda majalisa ta kafa a 1813. Hatiman sun sauya da sauyin ƙa'idoji, shi ya sa suke da amfani wajen lissafin shekaru. Kafin 1904 hatimin Birmingham sanduna biyu ne na sarauta a gicciye, da kambi a sama. Daga 1904 aka koma ga kambi bisa haruffa irin su BV da BP. Daga 1921 aka ƙara wani ɗan ƙaramin hatimi mai harafin da ke nuna shekarar gwaji. Tsakanin 1925 da 1955, bindigar da aka shigo da ita daga waje akan buga mata kalmomin NOT ENGLISH MAKE, ma'ana ba ƙirar Ingila ba ce. Daga 1955 kuwa sai kambi bisa BNP, tare da girman harsashi da nauyin matsin da aka gwada ta da shi.

Abin lura shi ne hatimi yana faɗin ranar gwaji ne, wadda ba lallai ta zama ranar ƙira ba. Bindigogin gwamnati ba sa bi ta gidajen gwajin kasuwa sai ranar da aka sallame su za a sayar. Saboda haka libarbar da aka ƙera a 1943, ta yi aiki shekara goma sha biyar, aka sayar da ita a 1958, za ta fito da hatimin BNP. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙirar bayan 1955 ce. Wanda ya sani kuwa ya sami ranaku biyu na rayuwarta, ranar haihuwa da ranar ritaya. Kan kibiya mai faɗi shi ne tambarin mallakar gwamnatin Ingila, kuma idan aka ga biyu suna fuskantar juna, alama ce an sayar da ita bisa ƙa'ida. Libarbar Webley Mk IV mai harsashin .38, wadda 'yan sandan ƙasashen mallaka da dama suka riƙe, idan ta lokacin yaƙi ce takan ɗauki kalmomin WAR FINISH, wato kamfanin na neman uzuri cewa gaggawar yaƙi ce ta hana shi goge ta yadda ya saba.

Hatimi yakan kuma tona asirin kwaikwayo. Maƙeran birnin Liège na Beljiyam sun ƙera ɗimbin libarba masu kama da Webley RIC, wasu har da rubutun Ingilishi a jiki. Amma hatimin garinsu, haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, yana nan a majuyi, kuma idan da kambi a samansa, daga 1893 ne zuwa gaba.

Shaida ta huɗu: tambarin runduna

Kasancewar kalmar 'yan sanda a sunan ƙira ba ta nufin ɗan sanda ya taɓa riƙe bindigar. Official Police da Military & Police da RIC sunayen kasuwa ne, kuma masu shaguna da masu gadi da magidanta sun saye su da yawa. Abin da ke mai da libarba ta 'yan sanda a idon mai tarawa shi ne tambarin runduna, ko wasiƙar masana'anta, ko takardar ɗakin ajiyar makamai. Waɗanda aka saya a zamanin Roosevelt suna ɗauke da kalmomin New York Police a bayan mariƙi. Wasu rundunonin haruffa kawai suke bugawa, tare da lambar marataya a ɗakin makamai.

Tarihin runduna kansa yakan zama kalanda. 'Yan sandan doki na Kanada sun amsa sunan NWMP daga 1873, RNWMP daga 1904, sannan RCMP daga 1920. An rushe RIC a 1922, aka kafa RUC a Ailan ta Arewa, wadda ta kai 2001. 'Yan sandan Hong Kong ba su sami laƙabin sarauta ba sai a 1969, kuma sun ajiye shi a 1997 da aka mayar da yankin ga Sin, don haka tambarin RHKP ba zai fita daga tsakanin waɗannan shekaru ba. Wani misalin mai daɗin nazari shi ne na Jamus bayan 1945. Sojojin mamaya na Amurka sun raba wa sababbin 'yan sandan Bavariya libarbar Victory, aka buga musu sunan rundunar da Ingilishi. Bindiga ɗaya ke nan mai lambar 1943, da tambarin mallakar gwamnatin Amurka, da sunan 'yan sandan Jamus, wani lokaci har da hatimin dillalin da ya mayar da ita Amurka daga baya. Kowane tambari babi ne na tarihin ƙarni na ashirin.

Yadda ake yanke daraja

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Libarbar da aka ƙera miliyoyinta, ko ta shekara tamanin, tana iya zama mai araha fiye da ta jiya da aka yi ɗari biyu kacal nata. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yanke daraja: lafiyar jiki, kasancewa yadda ta fito daga masana'anta, ƙarancin irinta, da salsalarta.

Lafiyar jiki ana auna ta da yawan rinin asali da ya rage. Wannan rini, baƙi mai ratsin shuɗi, shi ne ke kare ƙarfe daga tsatsa, kuma 'yan kasuwa sukan faɗe shi da kashi cikin ɗari: mai kashi 98, mai kashi 90, mai kashi 60. Tazarar kuɗi tsakanin matakan sama tana da faɗi ƙwarai, domin masu kamar sabuwa su ne suka yi ƙaranci. Libarbar 'yan sanda tana da irin tata tsufa da ake gane ta da shi. An rataya ta kullum, ba a cika harba ta ba. Don haka za a ga rini ya koɗe a bakin bututu da gefunan majuyi inda kuben fata ke gogarsu, mariƙin da ke waje ya sha bugun ƙofofi da kujerun mota, cikin bututu kuwa fes. Mai tara kayan 'yan sanda ba ya ƙin wannan koɗewa, domin ita ma shaida ce ta aikin da bindigar ta yi.

Babban abin da ke karya daraja shi ne gyara. Magaji yakan ga tsohuwar bindigar kakansa ta dushe, ya kai a goge ta a sake mata rini, yana ganin ya kyauta, alhali garin neman gira ya rasa ido. 'Yan kasuwar sukan ce sabon rini na iya zubar da rabin kuɗin bindiga ko fiye. Ana gane shi da alamu sanannu: kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi sun zama dagwalgwal, rubutu ya yi dishi-dishi, bakin ramukan sukuru ya lotsa, dokin tambarin Colt ya kusa ɓacewa. A ƙirar Smith & Wesson ta da, kunama da 'yar guduma suna da launi mai gauraye da wutar ƙira ta bar musu, don haka idan aka gan su baƙi ƙirin ko fari fat kamar sauran jiki, hannun wani ya taɓa su. Libarbar Faransa ta 1873 kuwa da farin ƙarfe aka ba da ita, ba rini, saboda haka mai rini ita ce abar tuhuma.

Sannan akan duba ko sassan na asali ne. Kafin ƙarshen shekarun 1950, Smith & Wesson yakan maimaita lambar jeri a bayan majuyi da ƙarƙashin bututu da cikin katakon mariƙi na dama. Idan duka sun dace, daraja ta ƙaru. Sauyin da ya fi muni shi ne wanda aka yi don kasuwa. A shekarun 1950 da 1960, dillalai sun yanke bututun Victory da yawa da Ingila ta sallama, suka faɗaɗa ramukan majuyi don su karɓi harsashin .38 Special, suka kuma aske bayan majuyin Webley Mk VI don ya karɓi harsashin Amurka na .45, wanda matsinsa ya fi abin da aka ƙera bindigar dominsa. Irin waɗannan sun rasa darajar tarihi, kuma harba su ganganci ne.

Salsala ita ce ke iya ninka kuɗi har ya wuce hankali. A watan Agusta 2021 gidan gwanjon Bonhams ya sayar da libarbar Colt ta Pat Garrett, shugaban 'yan sandan gundumar Lincoln da ya harbe ɗan ta'adda Billy the Kid a 1881, a kan fiye da dala miliyan shida. Ƙarfen bai bambanta da na dubban 'yan'uwanta ba. Abin da aka saya shi ne takardun da suka nuna hannun da ta bi, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da giɓi ba. A nan hanyar masu tarawa ta yi kama da ta malaman hadisi wajen duba isnadi: labari komai daɗinsa, idan sarƙar masu ruwaya ta yanke, ƙarfinsa ya ragu. Maganar baka cewa wani babban jami'i ne ya riƙe ta ba ta ƙara ko kwabo sai da takarda.

Jabu da hukuncin doka

Inda daraja ta taru, nan maƙaryata ke taruwa. Da yake tambarin runduna na ƙara kuɗi, akwai masu buga shi a kan bindigar farar hula. Ana kama su ta hanyar kwatanta siffar haruffa da ta waɗanda aka tabbatar, da duba ko cikin tambarin ya tsufa daidai da kewayensa, da neman wasiƙar masana'anta. Akwai kuma kwaikwayon da aka yi tun da can. Maƙeran Eibar na Sifaniya sun cika kasuwa da masu kama da Military & Police a shekarun 1920, maƙeran Darra Adam Khel na Pakistan kuwa sun ƙera Webley da hannu har da hatimanta. Akan gane na Darra da harafin da aka juya baya, ko tambarin Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a 1901. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Doka ma tana taɓa farashi kai tsaye. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wadda cinikinta ya fi sauƙi, don haka tazarar shekara ɗaya a lambar jeri na iya sauya kuɗi. A Birtaniya an haramta wa fararen hula yawancin bindigogin hannu a 1997, bayan kisan 'yan makaranta a Dunblane a 1996, amma aka bar tsofaffin da harsashinsu ya ɓace daga kasuwa. A 2021 aka tsaurara ƙa'idar, aka cire harsasai bakwai daga jerin waɗanda ake ɗauka sun ɓace, ciki har da .442 na tsohuwar RIC. Abin da ake ajiyewa a falo ba lasisi ya zama sai da izini, masu saye suka ragu.

A yankinmu lamarin ya fi tsanani. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba cikin jerin haramtattun makamai, kuma tsufanta ba ya fitar da ita daga wannan jeri. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun kuma rattaba hannu a Abuja a 2006 kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai. Don haka wanda ya tsinci irin wannan bindiga cikin kayan gado, hanyarsa ita ce ya sanar da hukuma.

Kammalawa

Gane shekarun tsohuwar libarba aiki ne na tara shaidu huɗu, wato lamba, da ƙira, da hatimin gwaji, da tambarin runduna, a kuma auna su da kundin masana'anta inda ya samu. Darajarta tana bin yawan abin da ya rage na waɗannan shaidu ba tare da an taɓa su ba. Ga ɗalibin tarihi a Kano ko Damagaram ko Kumasi ko Garwa, amfanin wannan ilimi yana ga kayan da ke gidajen tarihi da fadoji da ɗakunan ajiyar 'yan sanda. Libarbar da wani hafsan mulkin mallaka ya bari tana iya faɗin shekarar da aka ƙera ta, da gwamnatin da ta saye ta, da rundunar da ta rataya ta, muddin ba a kankare ta da sunan tsafta ba. Kafin a narkar da ita cikin tarin makaman da aka ƙwace, ya kamata a ɗauki hoton kowane tambari da ke jikinta, a rubuta lambarta, a adana tare da sunan wurin da aka same ta.